Mai Eriya da Kwandon Asibitin Tsallaken Kogi

Shekara talatin da huɗu, ba a taɓa buɗe ƙofar ofishin nan aka tarar wani ya riga shi zuwa ba. Mai shara ma, da take taƙama da sammako, sai dai ta iske shi a harabar, ya naɗe hannun riga, yana zagaya wata farar mota rufaffiya wadda aka kafa wa doguwar eriya a ka. Zai goge gilashi, ya duba ruwa da mai, ya ƙwanƙwasa tayoyi da ƙafa, ko da yake wannan aikin direba ne. Sannan ya hau bayan motar, ya kunna na'urar awo, ya ɗora abin sauraro a kunnuwansa, ya zuba wa allo ido. Mai shayin bakin ƙofa ya san lokacinsa. Da kansa yake kawo kofi ya ajiye a matakin motar ya koma, kuma sau da yawa a nan shayin ke hucewa.

Sunansa na yanka yana cikin fayil a ofishin ma'aikata, amma ba mai kiransa da shi. Mai Eriya ake ce masa, daga maigadi har manyan da ke hawa na sama, har jikokinsa a gida.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Maganar da ke fita daga wayarka, muryar da ke shigowa rediyonka, hoton da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam, duk a iska suke tafiya, kuma kowanne da zangon da aka yanka masa don kada su cuɗe. Hukumar da yake wa aiki ita ke wannan rabo. Manya ke sa hannu a takarda. Shi kuwa, daga ɗan ɗakinsa na ƙasa da ke jikin ɗakin janareta, shi ake turawa idan wani ya ƙetare iyaka ya shiga zangon maƙwabcinsa. Sai ya bi ƙarar, titi bayan titi, har ya tsaya a ƙofar da take fitowa.

Direbansa, da suka shekara ashirin da bakwai tare, shi ma sunansa ya ɓace tuni. Birki ake ce masa, don rabin rayuwarsa a taka birki ta ƙare. Suna tafiya lafiya lau a tsakiyar titi sai ya ji daga baya, "Tsaya! Tsaya nan! Ɗan koma baya!" Birki ya ce zagin da ya sha a bakin direbobin da ke bin bayansu, da ana tarawa da ya cika ɗaki. Shi ya ba da labarin ranar da masu kula da saukar jirage suka kawo kuka, wai kiɗa na shigo musu suna tsakiyar magana da matuƙa. Kwana uku shi da Mai Eriya suna zagaya gari. A rana ta huɗu Mai Eriya ya tsayar da mota a ƙofar wani ɗan ƙaramin gidan rediyo, ya shiga ya nuna musu waya guda da ɓera ya cinye wa riga. Bai rubuta a rufe gidan ba. Zama ya yi da mai gyaransu har aka sauya wayar, ya sake awo, ya ga layi ya wanke, sannan ya ɗauki alƙalami. Akwai kuma mai askin da ya sayi na'urar ƙara sabis a kasuwa ya maƙala a shagonsa, ya kashe wa unguwa guda waya ba tare da ya sani ba. Mai Eriya ya shiga, ya zauna aka yi masa aski tukuna, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, abin nan da ke bayan madubinka, ka san shi ya hana maƙwabtanka kiran kowa sati biyu ke nan?" Mai askin da hannunsa ya cire ta, yana ta ba da haƙuri.

Amma aikin da ya sa ake wannan rubutu, shekara shida ke nan da yinsa.

A lokacin wayoyin hannu sun yi yawa, kowa na kallon bidiyo, zangon da kamfanonin waya ke da shi ya yi musu kaɗan. Sai suka sa ido a kan wanda ke maƙwabtaka da nasu, wato wanda kamfanonin intanet na tauraron ɗan'adam ke saukar da saƙo ta cikinsa. Masu tauraro suka ce ba za ta saɓu ba, su ne ke kai intanet inda ba ƙarfen sabis ko ɗaya. Masu waya suka ce mutum dubu ke riƙe da waya a duk inda mutum ɗaya ke da kwandon tauraro, wato farantin da ke kamo saƙon daga sama. Aka kai ruwa rana, aka yi taro a otal-otal da lauyoyi da manyan injiniyoyi. A ƙarshe hukuma ta yanki wani ɓangare ta ba masu waya, ta bar saura ga masu tauraro. A takarda, siririn layi ne ya raba su. Ba wanda ya kira Mai Eriya ko taro ɗaya, shi ma bai sa rai ba.

Bayan wata uku wata wasiƙa ta sauko ɗakinsa. Da hannu aka rubuta ta, ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur don an rasa wanda ya kamata ya amsa. Malamar jinya ce ta wani ƙaramin asibiti a tsallaken kogi. Ta ce tun da aka kafa ƙarfen sabis a kan tudun da ke fuskantar garinsu, kwandon asibitin ya daina aiki. Sun kira masu kwando, sun ce laifin masu ƙarfe ne. Sun kira masu ƙarfe, sun ce kwandon ne ya tsufa. Shi kansa sabis ɗin wayar ba ya isa garin sai mutum ya gangara bakin ruwa, yana ɗaga hannu sama. "Ba mu da likita," in ji wasiƙar. "Ta kwandon nan muke nuna wa likitan birni marasa lafiyarmu. Mun rasa na da, ba mu samu na yanzu ba."

Ya hau bene da wasiƙar a hannu. Shugaban sashen nasu sa'an ɗansa ne, mutum ne mai kirki, sai dai aiki ya yi masa yawa. Ya karanta a tsaye ya ce, "Baba, garin nan mutum nawa ne a cikinsa?"

"Ban ƙirga ba, ranka ya daɗe. Amma wasiƙa suka rubuto, kuma mu suka rubuto wa."

Shugaban ya yi ɗan murmushi, ya ba shi kwana uku. Da ya faɗa wa uwar 'ya'yansa a gida, sai ta ninke masa riguna na kwana goma. Ta san mijinta.

Yini guda da rabi suka yi a hanya. A bakin kogi sai da aka hau da motar kan jirgin fito, Birki kuwa ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Ya ƙanƙame sitiyari, ido a rufe, yana addu'a da ƙarfi har masu fito suka yi ta dariya. "Malam," ya ce, "idan muka tsallake lafiya, ni a can zan yi aure in zauna, ba zan sake hawa abin nan ba."

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Akwai faifan sola a kan rufi, da firji ɗaya na alluran rigakafi, da gado uku. A gefe, kan dakalin siminti, ga kwandon tauraron yana kallon sama, an kewaye shi da waya don awaki. Abin da ya fara ɗaukar hankalin Mai Eriya shi ne mata kusan goma sha biyar da ke zaune a jere a barandar, kowacce ta yi kwalliya, kuma ba wadda ta yi kama da mara lafiya. Ya tambayi malamar jinyar, wata 'yar siririya mai saurin magana. Ta ce, "Baba, mazan garin nan duk sun tafi nema. Wasu na haƙar ma'adini, wasu na gini, wasu na dako a tashar jiragen ruwa, a ƙasashen da ba su ma iya faɗin sunansu daidai. Rana ɗaya a mako, idan na sallami marasa lafiya, nakan ba su allon asibiti su ga mazansu da 'ya'yansu. Wata uku ke nan ba ya kamawa. Na gaya musu su daina wahalar da kansu, sun ƙi. Sun ce ko Allah zai sa ya kama suna nan."

A ƙarshen benci akwai wata tsohuwa mai sanda, ta ɗaura sabon zane. Autanta ne a tashar jiragen ruwa, shekara bakwai rabonta da shi. Ya yi aure a can, kuma a kiran ƙarshe ya gaya mata matarsa ta kusa sauka, idan mace ce sunanta zai sa. Daga nan layi ya mutu. Ba ta san ko an haihu lafiya ba, ba ta san me aka samu ba.

Ta dubi Mai Eriya sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai gyaran?"

"A'a, Inna, ni mai awo ne."

"To auna da hanzari, ɗana. Ni ba yarinya ba ce."

Kwana tara ya yi. Ya auna a jikin kwandon, ya auna a bakin ruwa, ya tsallaka ya hau tudun ya auna a gindin ƙarfen, da safe, da tsakar rana, da la'asar, don yawan masu kira na sauya ƙarfin abin da ƙarfen ke watsawa. Inda mota ba ta shiga, ya rataya ƙaramar na'ura a kafaɗa ya taka da ƙafa, mutum mai shekara hamsin da 'yan kai. Kowane awo ya rubuta shi da sa'a da wuri a littafinsa. Daga ofis aka yi ta nemansa, shi kuwa sai ya gangara bakin ruwa ya ɗaga waya sama ya ce, "Ranka ya daɗe, saura kaɗan."

A rana ta shida, da azahar, malamar jinyar ta same shi zaune a inuwar baranda yana cire ƙaya a ƙafa. Ta miƙa masa ruwa ta ce, "Baba, an sha turo mana mutane, kowa sai ya ɗauki hoto ya tafi. Kai me ya zaunar da kai?"

Ya karɓi ruwan ya kurɓa. Can ya ce, "'Yata, a shekarata ta biyu da fara aiki aka tura ni wani yanki kwana goma sha ɗaya. Lokacin ba wayar hannu. Mahaifiyata ta kwanta ciwo, aka aiko da saƙo ofis, saƙon ya zauna a kan tebur yana jirana. Na dawo na tarar kwana biyar da binne ta. Ƙanwata ta ce har ranar ƙarshe tana tambaya ko na iso." Ya juya kofin a hannunsa. "Na san ba wata babbar magana za ta faɗa mini ba. Ƙila cewa za ta yi in riƙa cin abinci a kan lokaci. Amma har yau ina son in ji."

Abin da awonsa ya nuna bai yi wa kowa daɗi ba. Ƙarfen sabis ɗin yana zubar da ƙara har cikin zangon tauraro, kuma an saita bakinsa daidai saitin garin. Wannan laifin masu waya ne. Amma shi ma kwandon, an sa masa kai mai sauƙin kuɗi wanda ba ya tace komai, yana kwasar nasa da na maƙwabci, don a da ba maƙwabcin. Wannan kuma laifin masu tauraro ne. Abu na uku shi ya fi nauyi a baki: siririn layin nan da hukuma ta ja a takarda bai isa ba. Ya kamata a bar tazara tsakanin zangon biyu, fili da ba na kowa ba. Wato ita ma hukumar da ke ba shi albashi tana da nata kason.

Shafi goma sha huɗu ya rubuta. Kafin mako ya zagayo aka kira shi hawa na sama, wurin wani babba da bai taɓa shiga ofishinsa ba. Aka ba shi kujera mai laushi, aka yaba ƙoƙarinsa, sannan aka ce ko zai sake duba kashi na uku, don kalmomin sun yi kaifi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kalmomi kam a sauya duk wadda ake so, ni ba gwanin rubutu ba ne. Lambobin ne ba zan iya taɓawa ba, don ba ni na yi su ba, samunsu na yi." Bayan kwana biyu wani mutum mai fara'a daga kamfanin waya ya tare shi a bakin ƙofa, yana cewa irinsa suke nema, akwai ofis mai sanyi da sabuwar mota. Ya yi masa godiya sosai ya ce ya tsufa da koyon sabon maigida.

Ranar zaman sulhu, a karon farko, aka shigo da shi ɗakin taro. Yana sanye da rigarsa ta aiki, littafinsa a hammata. Lauyan masu waya ya tashi ya yi ta zuba, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, yana cewa ba za a tsayar da ci gaban miliyoyi saboda kwando ɗaya ba. Lauyan masu tauraro ya ce su aka tarar, don haka a kwashe ƙarfen gaba ɗaya. Da aka zo kansa, sai ya buɗe littafi ya karanta awo ɗaya bayan ɗaya, da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Lauyan masu waya ya katse shi.

"Malam, a taƙaice, ɓangaren wa kake?"

"Ban zo da ɓangare ba, ranka ya daɗe. Mutanen garin nan suna son wayarku, kullum suna bakin ruwa suna nemanta. Suna kuma son kwandon waɗancan, don ta nan suke ganin likita. Ba su ce a kori kowa ba. Ku sunkuyar da bakin ƙarfenku kaɗan, ku rage masa ƙarfi ta wannan gefen. Su kuma su sa wa kwandonsu mataci. Mu kuma mu bar tazara a tsakani. Kowa zai rasa kaɗan."

"Ka san abin da wannan kaɗan ɗin ke nufi ga kamfani?"

"Ban sani ba. Na san dai abin da wata uku ke nufi ga mai shekara tamanin."

Wani injiniyan kamfanin waya, wanda tun shigowarsa bai ce komai ba, ya miƙo hannu ya ce a ara masa littafin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wa lauyansu a hankali, "Awon nan daidai ne."

Duk da haka sai da aka ƙara wata huɗu ana ja-in-ja. A ƙarshe aka fitar da sabuwar ƙa'ida: a bar tazara, a gyara saitin ƙarafan da ke kusa da kwanduna, a sa mataci a asibitoci da makarantu kafin ko'ina. Mutum goma sha biyu suka sa hannu, aka ɗauki hoto. Sunansa ba ya ciki. A shekarar an yi ƙarin girma, aka tsallake shi, kuma har ya bar aiki bai bar ɗakin nan na jikin janareta ba. Ba wanda ya taɓa jin ya yi ƙorafi.

Abin da ya dame shi daban ne. Ya duba jerin wuraren da za a sa wa mataci, ya ga asibitin tsallaken kogi a can ƙasa, don ya fi ko'ina nisa. Sai ya ɗauki hutunsa na shekara, ya je wurin mai gyaran kamfanin tauraro ya roƙe shi su je tare, ya karɓi mataci ɗaya ya naɗe a tawul ya sa a jaka, suka hau motar haya. A tasha suka tarar da Birki zaune da ƙunshinsa. "Ai ba zan bari ruwan nan ya cinye ku ba tare da ni ba," ya ce.

Da hantsi aka ɗaura matacin, abin da bai fi tafin hannu biyu ba. Mai gyaran ya kunna, suka tsaya suna kallon 'yar fitilar da ta yi wata bakwai tana ja. Ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta koma kore. Malamar jinyar ba ta tsaya murna ba. Likita ta fara kira, don akwai wata mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, kuma a ranar likitan ya ce a tsallaka da ita birni ba tare da ɓata lokaci ba. Sai bayan an sa ta a jirgi aka fito da allon baranda. Matan nan kuwa, ba wanda ya ce musu komai, suka matsa wa tsohuwa ta fara.

Sau uku aka kira kafin autan nata ya ɗauka. Fuskarsa ta cika allon, da hular aiki a kansa. Ita ta fara magana.

"Ka rame. Matar taka ba ta dafa maka abinci ne?"

Baranda ta kwashe da dariya, wasu na dariya suna share ido da bakin mayafi. Ya ce ta ba shi ɗan lokaci, ya ruga gida, don kusa yake. Da aka sake kira, sai ga yarinya 'yar wata bakwai a hannunsa, tana ƙoƙarin kama wayar ta kai baki. Ya ce, "Inna, ga takwararki." Tsohuwar ta matso kusa da allon. Ta kai yatsa ta shafa gilashin a hankali, ta ce, "Kunnen ubanka ne da ita."

Mai Eriya bai tsaya a barandar ba. Birki ya ce ya hango shi a bayan kwandon, ya juya wa mutane baya, yana ɗaure wani noti da tuni an ɗaure shi.

Tsohuwar ta ƙara shekara biyu a duniya. A allon nan ta ga takwararta ta fara rarrafe, ta ga ta fara tafiya, ta ji ta kira sunanta. Ɗan bai samu dawowa ba sai bayan rasuwarta, amma kwana biyu kafin ta cika sun yi magana, kuma ta faɗa masa duk abin da take son faɗa.

Kai ne, Mai Eriya, wanda manya biyu suka ja zango ɗaya, kowa da lauyansa, ka shiga tsakani ba ka da komai sai littafi da fensir. Kai ne ka faɗa wa masu waya nasu, ka faɗa wa masu tauraro nasu, ka juyo ka faɗa wa gidanku nasa, kuma ba ka ɗaga wa kowa murya ba. Mai bin ƙara har ƙofar gidanta. Asibitoci da makarantu da yawa da ba ka taɓa takawa ba suna aiki yau da ƙa'idar da ta fito daga awonka, kuma ba su san akwai ka ba.

A watan jiya ya yi ritaya. Yanzu an kafa na'urori a kan rufin gine-gine, su ke sauraron iska dare da rana, ma'aikata na zaune a ɗaki suna kallon allo. Aka jera kujerun roba a harabar ofis, aka yi ɗan taro kafin azahar. Shugaban sashe ya yi jawabi mai daɗi. Mai Eriya na zaune yana murmushi yana gyaɗa kai. Da aka ce ya taso ya karɓi kyauta, bai motsa ba. Aka sake faɗa, bai motsa ba, sai da matarsa ta taɓa masa gwiwa.

Ita ce ta tona abin da ya ɓoye. Ta miƙe ta ce, "Ku yi masa uzuri, bai ji ku ba. Kunnensa na hagu shekara biyu ke nan da mutuwa, na daman ma yana bin sa. Likita ya ce ƙarar da ya yi shekara da shekaru yana sha ce. Ya hana ni faɗa, wai kada a zaunar da shi kafin lokaci." Ta dube shi, ta ɗan yi dariya. "Ni dai na auri mutumin da ke jin motsin tauraro a sama, amma bai taɓa jin na ce gishiri ya ƙare ba. Na yi renon yara biyar ina leƙen ƙofa. Na ce idan ya yi ritaya zan zauna in ba shi labarin duk abin da ya wuce ba ya nan. To ga shi an dawo mini da shi, sai na yi ihu yake ji." Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Yanzu yana gida. Da safe yakan fito da kujera ƙofar gida, ya zauna yana kallon masu wucewa kowa da waya a kunne. Birki na zuwa duk mako, su zauna kafaɗa da kafaɗa, magana kaɗan, yawanci hanyoyin da suka bi suke lissafawa, da garuruwan da suka ce za su koma ba su koma ba. An tambaye shi me ya fi kewa. Ya ce ba tafiyar ba ce, ba ofis ba ne. Akwai wani sauti da layi ke yi idan an cire masa ƙarar da ta dame shi, wani huci mai laushi kamar numfashin yaro mai barci, wanda ba mai saninsa sai wanda ya yi aikin. "Shi nake son in ƙara ji ko sau ɗaya," ya ce. Wani lokaci kuma kira kan shigo daga tsallaken kogi. Matarsa ke ɗauka, ta saurara, ta sunkuyo daidai kunnensa na dama ta ce, "Malamar asibiti ce. Wai matan baranda na gaishe ka." Sai ya ce ta tambaye su ko hoto na fita sosai.

Mun gode, Baba. Mun gode da ƙafar da ka taka, da lambobin da ka ƙi sauyawa, da kunnuwan da ka ƙarar don wasu su ji muryar nasu. Mun gode wa Mama da ta ba da aronka shekara talatin da huɗu. Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku daɗe tare.

Ku kuma da kuka gaje shi, rikicin zango bai ƙare ba, don taurari na ƙaruwa a sama, ƙarafa na ƙaruwa a ƙasa, iskar kuwa ita ce dai ta jiya. Za a sake jan layi a takarda, kuma wata wasiƙa za ta sake zuwa daga inda allonku ba ya gani. Idan ta zo, kada ku bari ta kwana a tebur. Ku tashi ku je, ku auna da hannunku, ku rubuta abin da kuka samu ko da bai yi wa mai kujera daɗi ba. Kuma tun yana nan, ku riƙa zuwa gaishe shi, akwai abin da zai koya muku da ba ya cikin littafi. Idan kun je, ku zauna ta damansa, ku ɗaga murya.